Wa Zai Zauna Jinya? Jawabi a Taron 'Yan'uwa na Kudancin Kano



Dukanmu mun sani, in aka tura mara lafiya daga Babban Asibitin Tudun Wada zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ba ya tafiya shi kaɗai. Mai jinya ne zai sayo magani, ya kawo abinci, ya nemo mai ba da jini, ya kwana a tabarma. Da damina kuwa kowa na gona, har wasunmu sun fara biyan baƙo ya zauna. To wa ya san halinsa?

Saboda haka muna roƙo kowace ikilisiya ta ware amintattun mutane, mace ga mace, namiji ga namiji. Su ajiye rasit na kowane magani. Kada su ɗura wa majinyaci jiƙo a ɓoye. Su rufa masa asirin ciwonsa. Su riƙa wanke hannu da sabulu, gama a 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano, balle mu.

Mu kuma mu haɗa musu kuɗin mota da na abinci. Yau gare su, gobe gare mu. Allah ya ba da lafiya.