Jawabi A Kan Izinin Zaman Matan Da Aure Ya Kai Ingila

An shirya wannan jawabi domin Hakimai da malamansu, gama su ne iyayen ƙasa, gare su kuwa talakawa su kan fara kai kuka. A zamanin nan akwai 'ya'yan ƙasar nan mata waɗanda aure ya kai su Ingila. Wani lokaci zaman ya kan ɓaci, miji ya riƙa dukan matarsa, yana razana ta da cewa in ta kai ƙara za a kore ta daga ƙasar. Iyaye kuwa, da ya ke ba su san doka ba, sai su aika mata ta yi haƙuri. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga yadda dokar ta ke. Tun cikin 2012, matar da ta shiga Ingila bisa izinin aure sai ta cika shekara 5 tare da mijinta kafin a ba ta izinin zama na dindindin. In auren ya mutu kafin wa'adin, wajibi ne a sanar da Ofishin Harkokin Cikin Gida. Galibi a kan rage izinin ya koma kwana 60, watau ta nemi wani izini ko ta bar ƙasar.

Amma fa in zalunci ne ya raba auren, hukunci ya sake. Tun cikin 2002 aka sa a dokar shige da fice cewa irin wannan mace tana da ikon neman izinin dindindin da kanta, ba sai da yardar miji ba, muddin mijin ɗan ƙasar ne ko mai zaman dindindin. Matar ɗalibi ko ta ma'aikaci mai izinin wucin gadi ba ta cikin wannan. Cikin 2012 aka ƙara wani sauƙi: a kan ba ta izinin wata 3 tare da taimakon Gwamnati na abinci da masauki, har ta shigar da takardunta. Wadda ba ta da hali a kan yafe mata kuɗin nema.

Zalunci kuwa ba duka kaɗai ba ne. Dokar 2021 ta haɗa da tsoratarwa, da hana mace kuɗi, da mallake ta har ba ta da ta cewa. Ko dangin miji ne su ka cuce ta, dokar ta shafe ta. Namijin da aka zalunta shi ma haka.

Abin da ya fi shafar Hakimai shi ne wannan. Wani miji ya kan kawo matarsa gida da sunan ganin dangi, sa'an nan ya ɗauke fasfonta ya koma ya bar ta. Daga ran 31 ga Janairu 2024, wadda aka yasar haka tana iya neman izinin dindindin daga inda ta ke.

Saboda haka in magana irin wannan ta zo gaban Hakimi, ana roƙo a kiyaye abu 3. Na fari, malami ya rubuta bayanin matar da kwanan wata, kada a bari labari ya kai ga miji ba da saninta ba. Na biyu, a gargaɗi iyaye su adana takardar aure, da hoton fasfo, da wasiƙu, da takardar likita ko ta 'yan sanda, gama su ne shaida. Na uku, a sa ta nemi lauya wanda ya san dokar Ingila tun da wuri, kada a ba dillali ko kwabo. Wadda ke can cikin haɗari kuwa ta buga lamba 999.

Sulhu alheri ne, amma kada a mai da yarinya gidan da ranta ke cikin haɗari don tsoron takarda. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.