Biyayya a Bayan Labule: Nazari a kan Fim ɗin The Dresser



Gabatarwa

A 1983 fim ɗin The Dresser ya fito, Peter Yates ya ba da umarni, Ronald Harwood kuma ya rubuta shi daga wasansa na dandamali na 1980. Harwood ganau ne, domin ya taɓa zama mai shirya wa fitaccen ɗan wasan Ingila Donald Wolfit kaya. Hujjar takardar nan ita ce, biyayyar da fim ɗin ya nuna cakuɗe take da buƙata, shi ya sa take da ciwo.

Ƙungiyar da yaƙi ya rage

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Samari sun tafi fagen daga, tsofaffi da marasa lafiya ne suka saura a wata ƙungiya mai zagaya garuruwan Ingila da wasannin Shakespeare. Shugabanta, wanda kowa ke kira "Sir" (Albert Finney), hankalinsa ya soma gushewa a ranar da zai fito a matsayin Sarki Lear karo na 227. Norman (Tom Courtenay), mai shirya masa kaya, ya shekara 16 yana yi masa hidima.

Mu dubi ɗakin shiri. Sir ya rikice, ya shafe fuskarsa da baƙin kwalliyar Othello maimakon ta Lear. Norman ya sa aka goge, yana lallashi, yana zolaya, wani lokaci har da tsawa, yana tuna masa kalmomin da zai buɗe baki da su, shi kansa Norman kuma yana kurɓar giyarsa a ɓoye. Da jiniyar harin jiragen sama ta tashi, Norman ne ya fita gaban labule, jiki na ɓari, ya shaida wa 'yan kallo cewa za a yi wasa.

Biyayya iri biyu

Madge, mai kula da dandamali, ta shekara 20 tana ɓoye son Sir a zuciyarta, kuma ita ce ta nemi a fasa wasan don lafiyarsa. Norman ya ƙi. In babu Sir, shi ma ba shi da madafa. Wanne ne a cikinsu ya fi riƙe amana: mai son ya huta, ko mai tura shi dandamali yana tangaɗi?

An yi wasan, an tafa, Sir ya cika a ɗakin shiri. A sadaukarwar littafin tarihinsa ya gode wa 'yan kallo da 'yan wasa, har kafintoci da masu gyaran fitilu, amma babu sunan Norman. Kukan Norman a nan ya haɗa makoki da fushin baran da ya gane ubangidansa bai taɓa lissafa shi ba.

Kammalawa

Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu, kuma Finney da Courtenay sun yi takara kafaɗa da kafaɗa a rukunin gwarzon jarumi. Ina kira ga manazarta su riƙa auna irin waɗannan finafinai ta fuskar masu hidima, domin a kansu nauyin labarin yake.