Yadda Masu Mulki Suka Faɗi Zaɓe a 1995

 Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya, musamman na ajin Gidimuni, masu zuwa karatu bayan sun taso daga lambu. Ku ɗauko allo da alli, domin darasinmu na yau tarihi ne da lissafi.

A shekarar 1993 aka yi zaɓe a Nijar. Jam'iyyu da dama sun ƙulla ƙawance mai suna AFC, don su kayar da MNSD-Nasara, jam'iyyar tsofaffin masu mulki, mai ra'ayin riƙau. Majalisar dokoki tana da kujeru 83. Ƙawancen ya samu 50, MNSD ta samu 29. A watan Maris, Mahaman Usman, ɗan Damagaram, na CDS-Rahama, ya kayar da Tanja Mamadu, ya zama shugaban ƙasa. Ya naɗa Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya faraminista.

Ba a cika shekara biyu ba, sai ga su sun faɗi zaɓen majalisa. Me ya kawo haka?

Na farko, tsadar rayuwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan da ake sayowa waje, kamar magani, suka yi tsada. Ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi, suka yi ta yajin aiki. Talaka ya ji a jikinsa.

Na biyu, saɓani a cikin gida. A watan Satumba na 1994 shugaban ƙasa ya rage ikon faraminista. Isufu ya ajiye aiki, PNDS ta fita daga ƙawancen da kujerunta 13, ta haɗa kai da MNSD. To, ku rubuta 50, ku cire 13. Saura nawa? Saura 37. Alhali sai da kujera 42 ake samun rinjaye. A watan Oktoba shugaban ƙasa ya rushe majalisa, ya kira sabon zaɓe.

An yi zaɓen ran 12 ga Janairu 1995. Ku lura da kyau. MNSD ba ta ƙaru ba, 29 ɗin nan dai ta sake samu. CDS kuwa ƙaruwa ta yi, daga 22 zuwa 24. Amma MNSD da abokanta sun tara 43, ɓangaren shugaban ƙasa 40. Ashe abokin tafiya ne ya sauya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hama Amadu na MNSD ya zama faraminista. Shi da shugaban ƙasa ba su jitu ba, aikin gwamnati ya tsaya. Ran 27 ga Janairu 1996, Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki. Wanda ya ci da wanda ya faɗi duk suka rasa.

'Yan'uwa, tazarar kujera uku ce ta juya mulkin ƙasa. Kada wani ya ce maka ƙuri'arka ba komai ba ce. Kafin ka jefa ta, tambayi ɗan takara da wa zai yi ƙawance. Karanta sunan jam'iyya da kanka, kada ka dogara da hoto kaɗai.

Aikin gida: ku haɗa 43 da 40, ku kai wa malaminku amsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.