Dalilin da Ya Sa Tuntuɓe Ke Kayar da Tsoho, Ya Bar Yaro

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Zonkwa)

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan faɗuwar tsofaffi, abin da kowace damina sai ya kwantar mana da wani a garin nan.

Ku duba kasuwa ranar da citta ta shigo. Yaro zai ɗauko buhu, ya yi tuntuɓe, ya jefa ƙafa gaba ya wuce abinsa yana dariya. Dutsen nan dai, in dattijo ya ci karo da shi, sai a kwashe shi. To mene ne bambancin? Likitoci sun ce abu uku ke tsare mutum a tsaye: ido, da wani ma'auni a can cikin kunne, da jin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke yi. Da ƙasa ta goce, su ne ke kai labari, sai umarni ya dawo wa tsoka ta kama. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba. In turin kaɗan ne, idon sawu ke gyarawa. In ya fi haka, ƙugu ya karɓa. In ya yi yawa, dole a jefa ƙafa.

A nan tsufa ke shigowa. Saƙon yakan ɗan makara, amma babbar matsalar ita ce tsokar. Daga shekara 30 take fara raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Kuma irin tsokar da ke zabura farat ɗaya ta fi lalacewa da wuri. Shi ya sa za ku ga Baba yana iya takawa daga nan har tashar jirgi ya dawo bai gaji ba, amma ɗan achaba ya gifta shi sai ya zube. Takun da zai jefa gajere ne, sai ya ƙara na biyu da na uku. In kuwa gefe aka ture shi, ƙafa ta harɗe ƙafa, ya sauka a kan kwatangwalo. Ga ciwon suga da ke kashe jin tafin ƙafa, ga yanar ido, ga maganin hawan jini da kan sa wasu jiri in sun miƙe da sauri.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na 2021, ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara ta hanyar faɗuwa, hatsarin mota kaɗai ya fi shi cikin haɗurra, kuma waɗanda suka haura 60 suka fi yawa a ciki.

Yanzu ga inda nake so mu yi wa juna gaskiya. Da tsoho ya faɗi sau ɗaya, sai 'ya'ya su ce, "Baba zauna, kada ka ƙara fita." Tausayi ne, na sani. Amma ƙafar da aka ajiye a kan dakali wata uku, wallahi ta fi ta da rauni, ga tsoro ya shiga zuciya, mai tsoro kuwa sandarewa yake yi in ya goce. A bar shi ya je masallaci, a bar Inna ta zaga maƙwabta, a dai haɗa su da jika. A gida kuma su riƙa tashi daga kujera su zauna, kamar sau goma, su dafa bango su ɗaga ƙafa ɗaya. Gwaje-gwaje sun nuna irin wannan motsa jiki yana rage faɗuwa ko ga wanda ya tsufa sosai. Sanda kuma ba abin kunya ba ce.

Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafar, a fara kai shi asibiti a ɗauki hoto, St. Louis na nan kusa, ga Kafanchan. Karayar kwatangwalo ta wuce aikin ɗori.

Sai roƙona ga kwamiti. Wurin alwalarmu, gansakuka ta cinye simintin, nan ne kuma dattijo ke tsayawa da ƙafa ɗaya cikin jiƙaƙƙen silifa. Ina ba da shawara a kankare shi, a gina wurin zama, a kafa ƙarfen dafawa, a sa fitila saboda asuba, kafin ruwa ya sauka. Ni na ɗauki buhun siminti biyu, Ma'aji ya rubuta.