Saiwa ta san inda taki yake

Kowane manomi ya san makwancin shanu a gonarsa, domin nan gero ya fi tsayi da duhun ganye. Aikin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ne ba ma gani.

A 1975 wani masani a Ingila, Malcolm Drew, ya nuna cewa idan aka ba sashe ɗaya na saiwar sha'ir takin naitiret, wannan sashen ne ke fitar da ƙananan saiwoyi birjik, sauran kuwa sai 'yan tsiraru.

Wannan kwaɗayi na saiwa yana da dalilinsa. Naitirojin da ke cikin irin wannan taki ba ya zama wuri ɗaya, ruwan sama mai ƙarfi na iya gangarawa da shi ƙasa, musamman a jigawa. Duk tsiron da ya riga cika wurin da saiwa shi zai shanye, ko gero ne ko ciyawa. Don haka watsa yuriya a gonar da ba a nome ba, a ganina, ciyar da abokin gaba ne.

Maimakon watsa taki, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun ba manoma shawarar sanya cikin marfin kwalba na taki a ramin shuka, inda saiwar gero za ta fara cin karo da shi.