LACCA A KAN HARAJIN HANYA DA MAI TSOHUWAR MOTA

 Maganarmu ta yau a kan kuɗin da doka ta ce a biya ne kafin mota ta hau titi, da yadda sauye-sauyen da aka yi musu tun daga 2021 suka fi danne mai tsohuwar mota.

Kada wani ya ce shi ba shi da mota, saboda haka babu ruwansa. Buhun masarar da ya zo Dawanau, da kwandon tumatirin da aka sauke a 'Yankaba, da dilar atamfar da ta bar Kantin Kwari zuwa kasuwar ƙauye, yawancinsu tsohuwar J5 ce ta ɗauko su, ko akori-kura, ko Golf, ko Sharan wadda ta sha duniya a Turai kafin ta iso gare mu. Duk abin da aka aza wa mai wannan mota, a kan kayanku zai sauke shi.

To, bari mu jera muku abin da aka yi, domin ku riƙe shi da shekararsa.

A watan Agusta 1 2021 hukumar haɗin gwiwa ta haraji, wadda a lokacin ake kira JTB, ta ɗaga kuɗin lambar mota daga Naira 12,500 zuwa 18,750, lasin tuƙi na shekara uku kuma daga Naira 6,000 zuwa 10,000. A watan Yuni 2025 aka sake ƙari, lambar mota ta koma Naira 30,000, lasin shekara uku 15,000, na shekara biyar 21,000.

Ran 1 ga Janairu 2023 hukumar inshora ta ƙasa, watau NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. Babbar motar ɗaukar kaya aka yanka mata Naira 100,000. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka shiga tare motoci suna neman wannan takarda. A watan Yuli 2023 aka ƙirƙiro wata takarda ta shaidar mallakar mota, aka ce a riƙa sabunta ta kowace shekara a kan Naira 1,000, watau mutum ya biya kuɗi domin ya tabbatar motarsa tasa ce har yanzu. Duk wannan banda lasin mota da takardar lafiyar mota da jihohi ke karɓa shekara-shekara, banda kuɗin tasha.

Mahukunta za su ce ai kowa aka ɗora wa, babu bambanci tsakanin mai kuɗi da talaka. To, jama'a, a nan zaluncin yake. Mu yi lissafi. Mu ɗauka ga mutum biyu, ɗaya motarsa ta Naira miliyan 2 ce, ɗayan kuwa tasa ta miliyan 80. Inshora da takardar mallaka sun tashi Naira 16,000 ga kowannensu. Na farko ya biya kobo 80 a cikin kowace Naira 100 ta darajar motarsa, na biyu ya biya kobo 2. Nauyin da talaka ya ɗauka ya ninka na attajiri sau 40. Dattawan da ke cikinmu sun san irin wannan rabo, gama haka harajin kai ya riƙa faɗa wa mai gona ɗaya kusan yadda ya faɗa wa mai gandu, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979.

Akwai wani kuma da ke tafe, wanda ya fi waɗannan duka nauyi. A cikin dokar haraji da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, an rubuta ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin fetur da man dizal. Asalinsa yana cikin gyaran dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA na 2007, an ce domin gyaran titi ne. Gwamnati ta faɗa a 2025 cewa ba za a fara karɓa ba sai Ministan Kuɗi ya ba da umarni a rubuce. Amma yana nan a cikin doka, kuma ran da aka fara, wa zai fi ji a jikinsa? Tsohon inji ya fi sabo shan mai, kowane bakanike ya san wannan. Mu ɗauka lita tana Naira 900, ƙarin ya zama Naira 45 ke nan. Direban da tsohuwar motarsa ke shan lita 20 a wuni zai biya Naira 900 kullum, a kwana 300 na aiki ya biya Naira 270,000. Wanda sabuwar motarsa ke yin wannan tafiya da lita 12 zai biya 162,000. An ce motar da ke aiki da iskar gas ta CNG ba za ta biya ba. Madalla, amma mayar da mota ta koma gas yana cin dubban ɗaruruwan Naira, kuma gidajen sayar da gas ɗin ba su kai ga yawancin garuruwanmu ba.

Wani zai ce, to, me ya hana su sayar da ƙwaraɓaɓɓun motocin nan su sayi masu dama? Wanda ya yi wannan tambaya bai je wurin dillalan mota ba kwanan nan. Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, hanyar da 'yar Kwatano ta saba biyowa. A watan Afrilu 2022 kwastan suka sa kashi 20 cikin 100 na kuɗin fito a kan motar gwanjo, da wani kashi 15 a bisansa. A watan Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a Fabrairu 2024, kuma da farashin dala kwastan ke lissafin kuɗin fito. Ga janye tallafin mai na 29 ga Mayu 2023, wanda ya kai litar fetur daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024. An rufe wa mutum ƙofar sayen mota mai dama, kana aka dawo ana cin sa tara domin tasa ta tsufa.

Ba mu ce a bar mota marar birki ta ɗebi mutane ba. Ranmu da na 'ya'yanmu ne a cikinta. Ba mu kuma ce inshora banza ce ba, gama da aka ƙara kuɗinta an ɗaga diyyar ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Abin da muka ce shi ne, hukumar da ke son tsofaffin motoci su bar titi, tilas ta nuna wa masu su hanyar fita. Ko a Ingila, da aka faɗaɗa harajin hayaƙi ya game birnin Landan duka a watan Agusta 2023, mai tsohuwar mota yana biyan fam 12 da rabi duk ranar da ya hau titi, hukumar birnin ta ware kuɗi a lokacin, ta riƙa ba mutum har fam 2,000 idan ya miƙa tsohuwar tasa aka farfasa. Mu nan karɓa kaɗai muka sani.

Kuma kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin hanya, sai ya gyara hanya. Ramin da ke kan titi shi ke karya sifirin, ya fasa taya, ya tsofar da mota tun kwananta bai kai ba.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, lasin mota da sauran kuɗin shekara su bi darajar mota, mai babbar dukiya ya biya da yawa, mai ƙarama ya biya kaɗan. Na biyu, a haɗa takardun nan su zama guda, a biya su wuri guda, sau ɗaya a shekara. Na uku, kada a fara karɓar kashi 5 na mai sai an sauƙaƙa wa motocin haya da na ɗaukar abinci hanyar komawa gas, ko an ba su rance mai sauƙi. Na huɗu, kowace jiha ta buga wa jama'a abin da ta tara na harajin hanya a shekara, da sunan titin da ta gyara da shi.

Ku kuma akwai naku aikin. Ku biya abin da doka ta ce, amma kada ku ba kowa ko kobo sai da rasit. Ku yanki inshora a hannun kamfani mai rajista, domin ta jabu da ake sayarwa a bakin ofishin lasin ba za ta biya muku komai ba ran da tsautsayi ya auku. Ku sani dokar haraji ta 1998 ta hana kowa, har da masu karɓar haraji, kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Ku sani kuma a watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an VIO na Abuja ba su da ikon tare mota, ko ƙwace ta, ko cin tara. Mutum ɗaya ne ya kai wannan ƙara, to, ina ga ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa in sun haɗa kai?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace tasha da kowace kasuwa su zaɓi mutum biyu ko uku masu rubutu, su tattara rasit na duk abin da mota guda ta biya a wata guda, daga tasha har shingen hanya. Da wannan lissafi za ku tunkari ɗan majalisarku na jiha, gama a majalisar jiha ake yanka wasu daga cikin kuɗin nan, ku tambaye shi a gaban jama'a wane gefe ya tsaya. Amsar da ya ba ku, ku ajiye ta har ranar zaɓe.