Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Neman Tallafin Ƙaramar Hukuma Don Koya Wa Matasa Kiɗa

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, shugabannin 'yan kasuwa, 'yan'uwa maza da mata.

Abin da ya tara mu yau shi ne takardar da za mu kai ƙaramar hukuma, muna neman ta tallafa wa ajin koyon kiɗa da waƙa na matasanmu. Wasu cikinmu sun ce kada mu wahalar da kanmu, wai mu baƙi ne. To jama'a, haƙƙinmu muke nema.

Tun 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo a Ibadan. A nan aka haifi 'ya'yanmu, a nan muke biyan haraji da kuɗin rumfa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda yake so, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Jadawali na huɗu ya sa ƙaramar hukuma cikin masu kula da ilimin firamare da na manya da na koyon sana'a. Ga wannan muka jingina roƙonmu, domin kiɗa sana'a ne.

Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, dattawanmu masu haɗa kalangu da kukuma kuwa ƙarfinsu ya ƙare. In ba a koya daga gare su yanzu ba, da su abin zai tafi. Muna tabbatar wa malamai cewa ajin ba zai shiga lokacin Islamiyya ba, kuma babu waƙar batsa. Ƙofa a buɗe take ga 'ya'yan maƙwabtanmu Yarabawa, waɗanda gangan ɗinsu ɗan'uwan kalangunmu ne.

Amma baki kaɗai ba ya fitar da kuɗin gwamnati. Dole mu haɗa takardar rajistar ƙungiya, da asusun banki da sunan ƙungiya, da sunayen yara tare da amincewar iyayensu, da ƙiyasin kuɗin kayan kiɗa da alawus ɗin masu koyarwa. Za mu bi ta hannun kansilanmu kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi, mu riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Duk mai rasit ɗin haraji ya kawo shi ofishin ƙungiya kafin Juma'a. Allah ya sa mu dace. Wassalam.